KARL TARZAGI, INJINIYAN DA YA KOYA WA ALMAJIRANSA TAMBAYAR ƘASA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mahaƙin rijiya ya san akwai wani irin sani da ba a rubuce yake ba. Tsohon mahaƙi yakan damƙi ƙasar da aka fiddo cikin guga, ya murza ta a tafin hannu, sa'an nan ya ce a dakata, gefen nan zai rufta. In ka tambaye shi dalili ba lalle ya iya yi maka bayani ba, amma sau da yawa maganarsa takan tabbata. To, manyan makarantun da ke horon injiniyoyi sun daɗe suna fama da wannan al'amari: yaya za a yi saurayin da ya ƙoshi da lissafi ya sami irin wannan ido, tun kafin a danƙa masa kadarko ko madatsar ruwa wadda rayukan dubban mutane ke ƙarƙashinta?

Mutumin da za mu ba ku tarihinsa a yau ya fi kowa wahala a kan wannan tambaya. Sunansa Karl Tarzagi, a takardun Turawa kuwa ana rubuta shi Terzaghi. Shi ake kira uban ilimin ƙasar gini, wato ilimin da ke bayyana halin yumɓu da rairayi da tsakuwa in an ɗora musu nauyi ko kuwa ruwa ya ratsa su. Rabin rayuwarsa na farko ya ƙare wajen neman lissafin da zai kama halin ƙasa. Da ya samu, sai ya ƙarar da sauran kwanakinsa yana jan kunnen almajiransa kada su dogara ga lissafin nan fiye da kima.

An haife shi ran 2 ga watan Oktoba na shekara ta 1883 a birnin Firag, wanda a lokacin yana cikin daular Otirish da Hongiri. Mahaifinsa hafsan soja ne, saboda haka tun yana ɗan shekara 10 aka kai shi makarantar kwana ta soja. Amma hankalin yaron ya fi karkata ga taurari da labarin ƙasa. A 1900 ya shiga babbar makarantar fasaha ta birnin Giraz, ya karanta aikin injuna, ya fita a 1904 da sakamako mai kyau, ko da yake shi ba ɗalibi mai ladabi ba ne: faɗan takobi irin na ɗaliban wancan zamani ya bar masa tabo a fuska har ya mutu, kuma saura kaɗan a kore shi. A shekarar da ya yi ta aikin soja ne ya fassara wani littafin Ingilishi na ilimin duwatsu zuwa Jamusanci, ya ƙara masa bayani. Daga nan son duwatsu ya kama shi, bai kuma sake shi ba.

Ya fara aiki a wani kamfanin gine-gine na birnin Biyana. An tura shi ƙasar Kuroshiya don binciken wurin da za a tare kogin Gacka a sami lantarki. Ƙasa ce ta farin dutse mai koguna a ciki, inda ruwa yakan ɓace a nan ya ɓullo a can nesa. Bayan haka ya tafi San Fitasbag ta ƙasar Rasha, inda ake ɗora manyan gine-gine a kan ƙasa mai laushi. A 1912 makarantarsa ta Giraz ta ba shi digirin dokta a kan lissafin ginin sima mai ƙarfe a ciki.

A waɗannan shekaru ya lura da wani abu da ya hana shi sukuni. In ana maganar ƙarfe ko sima, injiniya yana iya zama a biro ya lissafa nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, lissafin kuma ya yi daidai. Amma da zarar an zo ga ƙasar da ginshiƙin zai tsaya a kanta, sai kowa ya koma kintace da al'ada. Akwai dai ƴan ƙa'idodi da magabata suka bari, irin na Kulom, injiniyan sojan Faransa, na 1773, da na Rankin na 1857, amma sun ɗauki ƙasa kamar busasshen rairayi mai hali ɗaya, alhali kuwa ƙasar shantiye ba haka take ba. Gini yakan zauna ya tsage, madatsa takan fashe, a rasa wanda zai ce ga dalili.

Sai ya yi tunanin cewa maganin abin shi ne a tara labarin ayyuka masu yawa a gwama su. A 1912 ya haye teku zuwa Amurka da kuɗin aljihunsa, ya bi wuraren da gwamnatin ƙasar ke gina madatsun ban ruwa a jihohin yamma, yana dubawa yana rubutawa. Da guzuri ya ƙare har aikin lebura ya yi, yana huda dutse a bakin kogin Kolombiya. A ƙarshen 1913 ya koma gida da takardu jingim, amma ba abin da ya iya tatsa daga cikinsu. Dalili kuwa shi ne, abin da wannan injiniya ya kira laka mai tauri, wancan yana kiransa yumɓu mai laushi. Ba ma'auni, ba suna ɗaya. Ya gane cewa gani kaɗai ba ya isa in mutum bai san abin da zai duba ba. A riƙe wannan, domin gaba za mu ga ya juyo yana faɗa da masu ɗaya kuskuren.

Ɗakin gwaji na akwatin sigari

Yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, aka kira shi soja, ya yi aiki a fagen Sabiya, daga baya aka ba shi kula da wani filin jirgin sama. A 1916 aka aika shi Istambul ya koyar a makarantar injiniyoyi ta daular Usmaniyya. Da yaƙi ya ƙare, ɓangarensu ya sha kashi, sai ya rasa wannan kujera, ya sami ƴar ƙaramar koyarwa a wata kwalejin Amurkawa mai suna Robat, a kan tudun da ke kallon mashigin Bosfor. Albashi kaɗan, ba kayan aiki, aurensa na fari kuma yana rushewa.

A nan ne fa aka yi aikin. Wata rana ya ɗauki takarda guda ya jera gwaje-gwajen da yake ganin dole a yi kafin a fahimci ƙasa. Ya harhaɗa na'urorinsa da akwatunan sigari da tarkacen ƙarfe da kayan aro, ya riƙa ɗebo laka da rairayi yana matsawa yana aunawa, shekara da shekaru.

Ga abin da ya gano, a taƙaice. Ƙasa ba dunƙulallen abu ba ce. Ƙwayoyi ne da ƴan ƙofofi a tsakaninsu, a ƙarƙashin ƙasa kuma ƙofofin nan cike suke da ruwa. Ƙarfin ƙasa yana zuwa ne daga yadda ƙwayoyin ke danne juna. In aka ɗora gini a kan yumɓu mai ruwa, da farko ruwan ne ke ɗaukar nauyin, domin ba shi da hanyar fita da sauri. Sannu a hankali ruwan yana tsiyayewa, nauyin yana komawa kan ƙwayoyin, ƙasar tana matsewa, ginin yana zama. Wadda ta taɓa matsar tunkuza ta san haka: ba a take mai ke fita ba, sai an yi ta dannawa. A rairayi abin yakan ƙare nan da nan, tun magina ba su tashi ba. A yumɓu kuwa yana iya ɗaukar shekaru goma-goma, kuma in kaurin yumɓun ya ninka biyu, lokacin zai ninka huɗu. Tarzagi ya ari lissafin da masana ke auna tafiyar zafi cikin ƙarfe da shi, ya nuna cewa haka matsin ruwa ke raguwa cikin yumɓu. Ya buga wannan a 1923.

Wannan sani ya buɗe wata ƙofa kuma. In matsin ruwan da ke cikin ƙasa ya ƙaru, ƙwayoyin sukan saki juna, ƙasar ta rasa ƙarfi ko da ba a ƙara mata kaya ba. Shi ya sa gangare yakan zame bayan ruwan sama mai yawa, shi ya sa kuma ruwan da ke bi ta ƙarƙashin madatsa, wadda muka fi sani da baraji, yakan riƙa kwashe ƴan ƙwayoyi kaɗan-kaɗan, ya yi ɓarauniyar hanya daga baya zuwa gaba, har wata rana barajin ya burme. Maganin da ya tsara shi ne matata: a shimfiɗa rairayi, a bi shi da ƙananan tsakuwa, a bi da manya, kowane da girman ƙwayar da aka auna, yadda ruwa zai wuce amma ƙasa ta tsaya. Har yanzu ba a gina barajin ƙasa na kirki ba tare da irin wannan matata ba.

A 1925 ya tara duk wannan cikin littafi guda da Jamusanci, aka buga a Biyana. Daga wannan shekara ake lissafin haihuwar fannin. Yana da shekara 42.

Nan da nan babbar makarantar fasaha ta Masacusets, kusa da Bostan, ta gayyace shi. Su ma nasu gine-ginen suna zama a kan yumɓu, suna son a gaya musu inda abin zai tsaya. Ya yi shekara 4 a can, ya kafa ɗakin gwaji, ya ɗauki wani saurayi ɗan ƙasarsu mai suna Artur Kasagirande ya zama mataimakinsa. A can kuma ya haɗu da Rut Doget, masaniyar ilimin duwatsu, wadda ya aura a 1930, ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshe.

A watan Maris na 1928 barajin San Faransis na jihar Kalifoniya ya fashe da tsakar dare, mutum fiye da 400 suka hallaka. A shekarar da ta biyo Tarzagi ya rubuta wata maƙala a kan yadda ƙananan abubuwa na cikin ƙasa ke yanke wa baraji hukunci. Abin da yake nufi shi ne ɗan siririn layin rairayi cikin yumɓu, ko ƴar tsaga cikin dutse wadda ba ta fi kaurin yatsa ba. Ana iya huda rami 50 na bincike a kuskure ta, kuma ba lissafin da zai nuna ta, amma ta nan ruwa zai bi. Mutumin da ya kawo lissafi cikin fannin, shekara 4 kacal bayan littafinsa, shi ne ya fara nuna iyakarsa.

A 1929 ya koma Biyana ya karɓi kujerar farfesa. Daga nan ya riƙa yawon ba da shawara a ƙasashe da dama, har da Tarayyar Sobiyat da Aljeriya. A 1936 aka yi taron duniya na farko na wannan fanni a jami'ar Harbad, shi ne shugaba, ya kuma riƙe shugabancin ƙungiyar har 1957. Masu sauraro suna jiran ya yi kirarin nasara, sai ya yi musu gargaɗi. Ya nuna musu cewa ƙasa ba mutum ne ya ƙera ta ba, saboda haka ba ta da hali ɗaya daga wannan taki zuwa wancan, kuma sakamakon lissafi a wannan fanni bai wuce ƙiyasi ba. Babban amfanin ƙa'ida a ganinsa shi ne ta koya wa injiniya abin da zai duba a fili da yadda zai duba shi.

Shekarun Biyana suna da nasu duhu, bai kuwa kamata a ɓoye ba. A tsakiyar shekarun 1930 ya ba da shawara a kan harsashin manyan gine-ginen da ƴan Nazi ke shirin yi a filin taronsu na Nurambag, har gardamar ta kai shi gaban Hitila. Sa'an nan a ƙarshen 1936 wani abokin koyarwarsa, Farfesa Pol Filinga, ya buga ƙasida yana rushe ƙa'idarsa ta matsewar yumɓu, da kalmomi masu zafi. Tarzagi ya kai ƙara, makaranta ta kafa kwamiti, kwamitin ya ba shi gaskiya. A watan Maris na 1937 Filinga da matarsa suka kashe kansu. Masana na baya sun koma kan rubuce-rubucen Filinga sun tarar akwai abin amfani a ciki. Tarzagi mutum ne mai kaifin harshe, ba ya raga wa abokin gardama, wannan hali kuwa ya bi shi har tsufa. A 1938, da Jamus ta haɗiye Otirish, ya bar ƙasar ya koma Amurka, Kasagirande ya sama masa wuri a Harbad. Ya zama ɗan ƙasa a 1943.

Makarantar ramin Shikago

In ana son a ga yadda yake horon almajiri, sai a je Shikago. A ƙarshen 1938 birnin ya fara haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira metiro, cikin yumɓu mai laushin da ake yankansa da wuƙa. A bisa ramin ga tituna, ga tiyon ruwa, ga manyan kantuna masu hawa da yawa. In ƙasa ta zauna, duk za su tsage. Hukumar birnin ta nemi Tarzagi. Ya gindaya sharuɗɗa: a kafa ɗakin gwaji, a sa mutumin da shi ya zaɓa a kansa, a kuma biya shi dala 100 a yini, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Aka yarda.

Wanda aka zaɓa wani saurayi ne ɗan shekara 26, Ralf Pek. Yana da digirin dokta a kan gine-ginen ƙarfe, ya kuma zauna ƴan watanni a ajin Kasagirande, amma bai taɓa aikin rami ba. Ya isa Shikago a watan Janairu na 1939. Tarzagi ba ya zaune a garin, zuwa yake yi lokaci-lokaci, saboda haka ya ɗora wa Pek rubuta rahoto kullum, da zane, a aika masa. In ya zo sai ya tsare shi da tambayoyi a kan abin da ya gani a bakin rami: yaya aka yanka, me aka fara tokarewa, tsawon wane lokaci ƙasar ta zauna ba tokari. Pek ya sha ba da labari daga baya cewa a nan ya gane yana kallo ne kawai, ba ya gani. Mutum yakan ɗauka ya fahimci abu, sai ya zo zana shi a takarda ya tarar akwai gurbin da bai duba ba, dole ya koma. Shi kansa Tarzagi haka yake yi: duk inda ya je da karnensa na rubutu, ya cika littattafai masu yawa da abin da ya gani kowace rana.

Suka dasa sanduna cikin yumɓun daga cikin ramin, suka sa alamomi a kan titi, suna aunawa dare da rana. Awon ya nuna cewa yumɓun yana matsowa cikin ramin tun ana haƙa, kafin a sa tokari, kuma gwargwadon abin da ya matso, gwargwadon zaman da titi ke yi a sama. Da aka ga haka sai aka sake tsarin haƙar: a rage faɗin abin da ake buɗewa a lokaci guda, a gaggauta tokarewa. Zaman titin ya ragu ƙwarai. A wuraren da aka haƙa daga sama kuma suka auna nauyin da kowane tokari ke ɗauke da shi, awon nan ya zama tushen ƙa'idar da injiniyoyi suka yi ta aiki da ita shekaru da yawa.

Daga irin wannan aiki ne hanyarsa ta fito, wadda ake kira hanyar lura, ko koyo ana cikin tafiya. Ga yadda take. Injiniya ya yi bincike gwargwadon hali, ya ce ga yadda na fi zaton ƙasar nan take, ya yi tsarinsa a kan haka. Amma tun kafin a sa diga, sai ya zauna ya lissafa mafi munin abin da zai iya tararwa, ya kuma tanadi abin da zai yi in hakan ta faru. Ya zaɓi abin da za a riƙa aunawa, ko matsin ruwa ko zaman ƙasa, ya rubuta adadin da yake tsammani. In aiki ya kankama, awo ya bi zatonsa, sai a ci gaba. In ya kauce, ga shiri na biyu a hannu. Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya yi tsari a kan mafi munin hali kullum, zai ɓarnatar da dukiyar jama'a. Wanda kuma ya yi a kan kyakkyawan zato ba tare da awo ba, caca yake yi da rayukansu. Hanyar tana da iyaka, Pek ma ya faɗe ta da ya tsara bayaninta a wata lacca a Landan a 1969: ba ta da amfani inda abu zai karye farat ɗaya ba gargaɗi, ko inda ba a bar damar sake tsari ba. Mafi haɗari kuma shi ne a yi ta awo alhali ba a shirya abin da za a yi da sakamakon ba.

A Harbad, da yake shi ne uban lissafin fannin, ana zaton shi zai koyar. Sai ya bar wa Kasagirande wannan, shi ya ɗauki darasin ilimin duwatsu domin injiniyoyi. Yakan kawo hotunan ayyukan da ya yi da hannunsa, ya nuna yadda kogi ko ƙanƙara suka shimfiɗa ƙasar wurin tun dubban shekaru, domin wanda ya san yadda aka yi ƙasa shi zai iya zaton inda tsaga ke ɓoye. Yana yawan jan hankalin ɗalibai kada su karɓi aikin da ya fi ƙarfin saninsu, su riƙa neman hujjar da za ta rushe ra'ayinsu kamar yadda suke neman mai goyon bayansa, in kuma sun yi kuskure su bayyana shi da kansu. Abin da ya fi tsoro shi ne saurayi mai sabon dipulom wanda ya ɗauki ƴan samfura uku, ya sa su cikin na'ura, ya fito da adadi mai ɗigo da lambobi a bayansa, ya ɗauka ya san ƙasar. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Littattafansa biyu na wannan zamani sun nuna inda ya sa nauyi. A 1943 ya fitar da na ƙa'idodi zalla, kamar mai share fage. A 1948 shi da Pek suka fitar da na aiki, bayan sun yi shekaru suna mayar wa juna da babi-babi ana gyara. Kashi mafi girma na littafin nan a kan matsalolin tsari da gini yake, inda a kowane mataki ake gaya wa mai karatu iyakar abin da lissafi zai iya ba shi.

Aswan da barajin ƙarshe

Afirka ma ta san shi. Ya yi aiki a barajin Sasumuwa na ƙasar Kenya, wanda ke ba birnin Nairobi ruwa. A 1954 kuma gwamnatin Misira ta naɗa shi shugaban kwamitin masanan da ke duba tsarin babban barajin Aswan. Wuyar wurin ita ce, a tsakiyar kogin Nilu sai an ratsa rairayi da tsakuwa kimanin metir 200 kafin a taɓa dutse, ga shi kuma in barajin ya fashe duk Misira tana ƙarƙashinsa. A 1956 Amurka da Ingila suka janye alkawarin kuɗi, Shugaba Nasar ya ƙwace mashigin Suwez, a 1958 Tarayyar Sobiyat ta karɓi aikin. Injiniyoyinta suka zo da nasu canje-canje, suka saɓa da Tarzagi, a 1959 ya ajiye shugabancin. Gaskiya dai a faɗe ta: an gama barajin a 1970, bai kuwa fashe ba. Ba kowace gardama ce tarihi ya ba shi gaskiya a kanta ba.

A ƙarshen wannan shekara ta 1959, ran 2 ga Disamba, barajin Malfase na kudancin Faransa ya fashe, ruwa ya afka wa garin Firejus, mutum fiye da 400 suka mutu. Wanda ya tsara shi, Andire Kwan, yana cikin gwanayen duniya, ginin simar kuma ba shi da aibi. Dutsen da ke ƙarƙashin gefen hagu ne ke da tsaga, matsin ruwa ya taru a ciki ya ture shi. Shekara 30 ke nan bayan maƙalar da Tarzagi ya rubuta a kan ƙananan abubuwa.

Aikin da ya fi ba shi wuya shi ne na ƙarshe, barajin Mishan a kan kogin Birij, a yammacin Kanada. Wurin ya haɗa duk abin da injiniya ke gudu: yumɓu mai kauri wanda zai matse ƙwarai, kaurinsa kuma ba ɗaya ba ne daga wannan gefe zuwa wancan, ga rairayi mai ɗauke da ruwa a samansa da ƙarƙashinsa, ga wani tsohon ƙaramin baraji a wurin wanda dole a haɗa da shi. Tarzagi ya haura shekara 70. Ya san ƙasar za ta zauna, za ta kuma tsage, saboda haka ya yi tsarin da zai jure hakan: aka yi katangar ƙarƙashin ƙasa ta hanyar ɗura sima da yumɓu, aka shimfiɗa ledar roba a kan yumɓun fuskar barajin, aka dasa na'urorin awo ko'ina. Ya faɗa tun da wuri cewa ramuka za su iya ɓullowa, ya bar umarnin a riƙa dubawa ana gyarawa. An gama shi a 1960, tsayinsa kimanin metir 60.

Ya rasu ran 25 ga Oktoba na 1963 a garin Wincesta na jihar Masacusets, yana da shekara 80. Ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta ba shi babbar lambarta ta Noman har sau 4, jami'o'i 9 kuma sun ba shi digirin girmamawa. A 1965 aka sake wa barajin Mishan suna, aka sa masa nasa. Takardunsa da littattafan da ya cika da rubutun yau da kullum an kai su cibiyar binciken ƙasar gini ta Oslo, a ƙasar Norwe.

Ran 5 ga Yuni na 1976 barajin Titon na jihar Aidaho, mai tsayin metir 93, ya fashe a cikarsa ta farko, mutum 11 suka mutu. Cikin kwamitin da aka kafa don bincike akwai Kasagirande da Pek. Suka tarar ruwa ya bi ta tsagogin dutse ya zaizaye ƙasar cikin barajin, ba a kuwa sa matatar da za ta tare ta ba. A 1980 Pek ya yi lacca a Oslo yana tambayar inda basirar aiki ta tafi, a zamanin da na'urorin lissafi suka yawaita.

Shi Pek ya koyar a jami'ar Ilinoi daga 1942 zuwa 1974, ya rasu a 2008. Yana da wani darasi da tsofaffin ɗalibansa ba su manta ba. Yakan kawo aikin da aka taɓa yi da gaske, ya tsaya a matsayin mai aikin, su kuma su zama kwamitin masana. Ba ya ba su bayani sai wanda suka tambaya, in ba su nemi a huda rami a wuri kaza ba, ba za su san abin da ke wurin ba. In an gama, kowane ɗalibi zai rubuto matsalar, da shawarar da aka yanke, da abin da ya faru a zahiri bayan an yi ginin, duka da zanensu, a shafi ɗaya tak. Wanda ya tsallaka zuwa shafi na biyu, sai a mayar masa da takardarsa ya sake.